Jan tirelar kwana a hanyoyin Kebbi: abin da za ka shirya da abin da ke lalacewa a hanya

Tirelar kwana ɗan ɗaki ne a kan tayoyi, da gado da wurin girki da tankin ruwa, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. A Kebbi tana da amfani ga wanda aikinsa ke kai shi ƙauye ya kwana biyu: masu haƙa rijiyar burtsatse, masu rigakafin dabbobi, masu auna filaye, masu bin gonaki sayen shinkafa da albasa, har da iyalin da ke son zuwa bikin kamun kifi na Argungu lokacin da masaukai suka cika. Iri biyu ake gani. Akwai 'yar Kwatano da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, akwai kuma wadda mai walda ya haɗa a gida. Kowace ce a hannunka, ka sani tirela ba ta ɗaukar sakacin da mota ke ɗauka. Mota za ta kai ka Yauri da taya mai ƙarancin iska ko kaya da aka loda a karkace. Tirela za ta kwanta maka a hanya, sau da yawa a wurin da babu bakanike, babu sabis na waya.

Nauyi kafin komai

A wuyan tirela ko kusa da ƙofarta akwai ɗan allon ƙarfe da ke nuna nauyinta ba kaya da iyakar nauyin da za ta ɗauka. A littafin motarka kuma akwai iyakar abin da za ta ja. Hilux, gwargwadon samfuri da inji, tana jan tsakanin kilo 2,500 da 3,500 idan tirelar na da birki, amma kilo 750 kawai idan ba ta da shi. Wannan adadi na biyu shi mutane ke mantawa. Tirelar walda mai nauyin tan ɗaya da rabi ba birki, in ka taka birkin mota da ƙarfi, ita ce za ta tura ka gaba.

Ga wanda bai saba ba, kada tirela da kayanta su wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya. Mota mai kilo 2,000 ke nan ta tsaya a kilo 1,700. Kuma kaya na taruwa da sauri fiye da yadda ido ke gani. Ɗauki tirela mai kilo 1,100. Ruwa lita 150 kilo 150 ne, don lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka biyu ta mai kusan kilo 40. Batir biyu kilo 60. Ƙaramin janareta 30, tukunyar gas cike fiye da 25, safaya biyu 35, kayan aiki 40, abinci da katifu da tukwane 100. Ka kusa kilo 1,600 ke nan tun ba a jefa buhun da wani zai roƙe ka ka kai wa ɗan'uwansa ba. Manyan kamfanonin casar shinkafa suna da sikelin awon mota. In ka nemi izini aka yarda, ka hau sau ɗaya da cikakken lodi, ka san gaskiyar abin da kake ja.

Inda kayan ke zama ya fi yawansu muhimmanci. Masu nauyi su zauna a ƙasa, a kan aksul ko ɗan gaba da shi, kamar kashi 60 a gaba, 40 a baya. Abin da ake nema shi ne wuyan tirela ya danna ƙwallon jan mota, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da bakin wuyan ke hawa, da nauyin da ya dace. Ga ta Turai mai aksul ɗaya, kashi 7 cikin 100 na nauyinta ko kusa da haka, ba tare da wuce adadin da aka rubuta a bakin wuyan ba, wanda sau da yawa kilo 100 ne. Ta Amurka tana son kashi 10 zuwa 15. Awon ba wuya: ka samu sikelin awon buhu, ka tsayar da guntun katako a kansa, tsayinsa daidai da tsayin ƙwallon motarka, ka sauke bakin wuyan a kan katakon a fili mai daidai, ka karanta. In wuyan ya yi sauƙi, tirela za ta riƙa kaɗa gindi da zarar ka wuce kilomita 60 a awa. In ya yi nauyi da yawa, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta riƙa haska sama. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaura janareta da jarkoki a bambar bayan tirela don wai a samu fili a ciki. Wannan lodin shi ke kifar da ita.

Wurin haɗi

Ƙarfen ja dole a ɗaure shi a jikin shasi da noti masu ƙarfi, ba a walde shi a bamba ba. Bamba faranti ce, ramukan burji za su yage ta.

Ga wani abu da ke cin mutane ba su sani ba. Ƙwallon Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne, wato milimita 50.8, manyan tirelolinsu kuma inci 2 da 5/16. A ido ba ka bambance na farko da na biyu, amma bakin wuyan tirelar Amurka a kan ƙwallon Turai yana da ɗan wasa, kuma wasan nan yana ƙaruwa da kowane rami har ya iya tsalle ya fita. Ana buga girman a saman ƙwallon da kuma jikin bakin. Ka karanta, su zo ɗaya. Bayan ka ɗaura ka kulle, ka murza ƙaramar tayar wuya ƙasa kamar za ka ɗaga tirelar. In bayan mota ya ɗago tare da ita, ta kama. In bakin ya rabu da ƙwallon, ba ta zauna ba, sake. Sannan ka naɗe ƙaramar tayar sama har ƙarshe ka ɗaure ta tam, don in ta zazzago tana tafiya, tudun rage gudu na farko zai karya ta.

Sarƙa biyu ake sa wa, a gicciye su a ƙarƙashin wuya, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, don in haɗin ya kwance wuyan ya faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. Su yi tsawon da za ka iya kwana, amma kada su ja ƙasa. Tirela mai birki tana da siririyar wayar ƙarfe da ke jan birki in ta tsinke daga mota. A jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙar ba. Birkin ta Turai yana kama kansa ne idan tirela ta turo mota, na Amurka kuwa na lantarki ne, kuma ba ya aiki sai an sa wa motar na'urar da ke sarrafa shi a kusa da direba. Da yawa suna jan ta Amurka suna zaton suna da birki alhali wayar ba ta haɗe da komai. Soket ɗin fitilu ma ya bambanta, mai ƙafa 7 da mai 13 a Turai, wani fasalin daban a Amurka. Mai wayarin a Birnin Kebbi zai iya mayar da su iri ɗaya. Ka sa ya ja wayar ƙasa ta musamman, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota, domin mafi yawan fitilun tirela da ke ƙyaftawa ko suke kamawa tare rashin ƙasa mai kyau ne.

Taya da boris

Nan ya kamata ka kashe kuɗi da lokaci, don nan tafiya ke mutuwa. Tayar tirela ba ta cika cinyewa ba, tsufa take yi a ajiye. Haƙoranta na nan kamar sabuwa, gefenta ya tsattsage. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Jami'an kiyaye haɗurra suna ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu, kuma a kwaltar Kebbi ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, suna da gaskiya. Ka sayi taya mai ɗaukar kaya irin ta bas ko a-kori-kura, wadda ke da harafin C bayan girmanta. Ka auna iska da sassafe kafin taya ta yi zafi, ka bi adadin da ke allon tirelar. In ka tsaya da rana ka ga iska ta hau, kada ka rage. Zafi ne ya ɗaga ta, in ka sauke za ta kwana da ƙaranci, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke fashewa.

Safaya biyu, ba ɗaya ba. Ƙafar tirelar waje ramukan notinta ba su dace da na motocin da ke yawo a Bunza ko Dakingari ba, mai faci zai like maka huda amma ba shi da wilin da zai ba ka. Wanda zai sa a haɗa masa tirela a gida, ya ce wa mai walda ya yi amfani da hob, wato cibiyar da ake ɗaura wili a kai, da wili irin na motar da za ta ja, galibi mai noti shida in Hilux ce. Safayar mota ta zama ta tirela, kayan gyaranta kuma ana samunsu a kowane babban gari. Duk lokacin da aka cire taya aka mayar, ka sake ɗaure noti bayan kilomita 50, don sukan saki.

Boris kuwa shi ne mai kashe tafiya shiru. Kafin ka tashi, ka ɗaga kowace taya da jak, ka juya ta ka saurara, ka kama sama da ƙasa ka girgiza. Gurnani ko wasa mai yawa, a buɗe. Irin da ake buɗewa, a wanke da kananzir, a duba ko ya yi shuɗi ko ya faffashe, a cusa sabon giris mai jure zafi har ya fito ta ɗaya gefen, a sa sabon sil. Wajen ɗaurewa, ana matsa notin ana juya tayar har ya zauna, sai a sassauta kaɗan yadda za ta juya ba tirjiya, a sa sabon fil. Matsewa da yawa na ƙona boris cikin awa guda. Yawancin tirelolin Turai na zamani borisinsu rufaffe ne, ba a sa masa giris, kuma notinsa sau ɗaya ake ɗaure shi, ba a maimaitawa. Mai irin wannan ya tafi da boris da noti na ajiya tun daga gida, don ba zai same su a hanya ba.

A hanya, bayan kilomita 20 ko 30 na farko, tsaya ka taɓa kowane hob da bayan hannu. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin hannunka a kai, ko ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko ka ji ƙaurin giris, to ko boris ne ko birki ya kama. Kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Boris da ya ƙone yana narkewa ya manne da aksul, aikin da zai ci awa ɗaya ya koma neman sabon aksul. Ka mayar da taɓa hob al'ada a duk tsayawa, ko sallah ka tsaya yi ko shan mai.

A akwatin kayan aiki a samu jak mai ƙarfi da faffaɗan katakon da zai zauna a kai a rairayi, wil sifana mai dogon hannu, famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska, boris da sil da fil da gwangwanin giris, shebur, igiyar ja, waya da fis da ƙwan fitila, noti da kusoshi iri-iri, ganyen sifirin guda ɗaya in tirelar mai sifirin ce, katakai huɗu na tare taya, abin kashe gobara biyu, da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Motar kanta a duba mata lagireto da fanbel da birki. Mai giyar otomatik a sa mata ƙarin abin sanyaya man giya, don ja a zafi shi ke cinye ta.

Lokaci da hanya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya. Ƙasa ta bushe, dare da sanyi, sai dai hazon hunturu da ke rage gani da safe, wanda maganinsa kunna fitila da rage gudu. Maris zuwa Mayu ana iya yi, amma a tashi bayan asuba a tsaya kafin azahar. Daga Yuli zuwa Satumba, duk hanyar da ta ratsa fadama abar tambaya ce. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a sassan jihar da dama, kuma ko a shekarar da ruwa bai kai haka ba, kwalbati kan zaizaye ta ƙarƙashi ta bar kwalta a sama kamar lafiya lau.

Kashin bayan tafiya a Kebbi ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal, ta bi Jega da Koko ta sauka Yauri, ta wuce Kontagora. Daga Birnin Kebbi ana shigarta ta Kalgo zuwa Jega. Birnin Kebbi zuwa Yauri kilomita 200 ne da ɗoriya, kuma da tirela wannan tafiyar yini ce, kada ka haɗa ta da wata. Hanyar manyan motoci ce, masu shinkafa da albasa da shanu da tankokin mai. Argungu tana arewa maso gabas da Birnin Kebbi, kilomita 50 da 'yan kai, ita ce ta fi dacewa da gwajin farko: ka je, ka kwana, ka ga abin da ya saki, ka dawo ka gyara. Kamba, a bakin iyakar Nijar, ana zuwa ta Kalgo da Bunza. Zuru ana ratse mata daga Koko ta Mahuta da Dabai, kuma can ne ƙasa ke canzawa ta zama tuddai da duwatsu.

Mai zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi a kan abin da motarka ta saba sha, ya fi haka in kana fuskantar iska. Ka cika tanki a Birnin Kebbi, Jega, Koko, Argungu, Yauri ko Zuru, kada ka bari ya sauka ƙasa da rabi. Man bumburutu na gefen hanya, in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, musamman dizal, don ruwa da datti ke kashe injin zamani. Jarkar ajiya tana da amfani, amma a hanyar Kamba da ta Bagudo zuwa Lolo jami'an kwastan suna sa ido a kanta. Tun a 2019 gwamnatin tarayya ta taɓa hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka saboda fasa-ƙwauri. Jarka ɗaya ko biyu da rasit a hannu ba ta da matsalar bayani, shida kuwa za ta tsayar da kai. Takardun kwastan na tirelar da na motar su kasance tare da kai, na asali da kwafi, tirelar kuma ta ɗauki lamba a baya da fitilu masu aiki. A shinge ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke gilashi, ka yi sallama, in sun ce "Me ke ciki?" ka ce "Ɗakin kwana ne, yallaɓai, bismillah a duba," ka buɗe da kanka. Abu ne da ba su saba gani ba, za su so leƙawa.

Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, don masu POS na ƙauye sabis kan yanke musu. Layin waya biyu na kamfani daban-daban, kuma a kusa da iyaka wayar kan kama sabis na Nijar ta cinye kuɗi, sai a kula.

Batun tsaro ba a yi masa kwana-kwana. Sassan masarautar Zuru, musamman Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma tun ƙarshen 2024 ana fama da Lakurawa a yankin Augie da Arewa. Tirela ba ta gudu, ba ta juyawa a ƙaramar hanya, kuma tana jan ido. Labarin makon jiya ba ya amfani. Da safen da za ka tashi, ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka shigo daga inda za ka, su ne suka san hanya a ranar. In suka ce a dakata, ka dakata. Kada la'asar sakaliya ta same ka a tsakanin garuruwa, tafiyar dare kuwa babu ita sam. Wani a gida ya san inda ka tashi da inda za ka kwana. Lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta ƙasa baki ɗaya 112.

Tuƙin kansa

A kwalta mai kyau gudun kilomita 60 zuwa 70 a awa ya isa. A burji 30, a mai kunya-kunya ƙasa da haka, don girgiza ce ke kwance kabad, ta fasa bututun ruwa, ta karya sifirin. Ka bar tazarar daƙiƙa biyar ko shida tsakaninka da na gaba. A kwana ka buɗe, don tayar tirela tana yanke kwana ta ciki, kuma a cikin gari abin da ke ciki shi ne kwata, ko tiren mai tsire, ko ɗan kabu-kabu. Ka tambayi ranar kasuwar garuruwan da za ka ratsa. Shiga Jega ko Koko da tirela a tsakiyar cin kasuwa wahala ce da za a iya kauce mata da sammako. Shanu in suna tsallakawa ka tsaya cak har na ƙarshe, amalanke da raƙuma kuma ka ba su fili. Tudun rage gudu a hau shi a giya ta ɗaya, ka tuna tayoyin tirela ba su hau ba tukuna lokacin da na mota suka sauka.

Idan babbar mota ta wuce ka, iskarta za ta tura tirela gefe sannan ta jawo ta. In ta fara kaɗawa, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin bin kaɗawar da sitiyari, kada kuma ka ƙara wuta. Mai birkin lantarki ya matsa na tirela kaɗai da hannu, zai miƙar da ita. Da ta lafa ka tsaya ka matsar da kaya gaba, don ba haka kawai ta yi ba.

A gangaren Zuru ka sauka da giyar da za ka hau da ita, inji ya riƙe nauyin. Birkin da aka danne tun daga sama yana zafi ya daina kamawa kafin ƙasa. A hawa kuma ido a kan allurar zafi. In ta tashi, kashe na'urar sanyi, ka tsaya a gefe inji na aiki har ta sauka, kada ka buɗe lagireto da zafinsa.

Rairayi, wanda ya fi yawa a arewacin jihar, ana shigarsa da giyar taya huɗu tun kafin a kafe, a rage iskar mota da ta tirela zuwa kamar PSI 22 ko 25 a ma'aunin iska, a tafi da gudu ɗaya ba tsayawa ba canza giya, a mayar da iska da an fito. In ka kafe, daina ba ta wuta, kana ƙara binne kanka ne. Kwance tirelar, fitar da motar zuwa ƙasa mai tauri, haƙe gaban tayoyin tirela ka shimfiɗa kara ko rassa, ka jawo ta da igiya. Ruwa kuwa a taka shi da ƙafa da sanda tukuna. In yana gudu, ko ya kai tsakiyar tayar tirela, a haƙura. Hob mai zafi in ya shiga ruwa yana zuƙo shi ta sil, giris ya zama kunu, bayan kwana biyu boris ya tafi. In dole ne, ka jira hob ya huce, in ka ƙetare ka sake giris a gari na gaba.

Baya da tirela a koye shi a filin ƙwallo kafin tafiya. Ka kama sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa can gindin tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa. In ta fara naɗewa, ka yi gaba ka miƙe ka sake. Mutum ɗaya ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, shi kaɗai za ka saurara, don yara da masu taimako za su taru kowa na faɗin nasa.

Masauki

Ba a kwana a daji, ba a kuma faka a gari ba sallama. Ka isa da sauran rana, ka nemi gidan hakimi ko mai gari, ka gaishe shi: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, aiki ya kawo mu, muna neman inda za mu ajiye mota mu kwana." Shi zai nuna maka wuri, ya sanar da 'yan banga, daga nan kana hannun gari. A babban gari ka sanar da ofishin 'yan sanda, ko ka biya masauki mai katanga kuɗin faka. Ɗan goro ko abin sayensa ga wanda ya yi maka jagora al'ada ce, ba a rowarta.

Wurin ya zama tudu, nesa da kududdufi saboda sauro, ba ƙarƙashin tsohuwar bishiya ba in damina ce. Ka juya mota ta fuskanci mafita tun da rana. Tare tayoyi da katako kafin ka kwance haɗin, daidaita gefe da gefe ta hanyar hawa katako, gaba da baya da ƙaramar tayar wuya, sannan ka sauke ƙafafun kusurwa. Waɗannan na hana girgiza ne, ba jak ba ne, in ka ɗaga tirela da su za su lanƙwashe. Gidan sauro dole ne a Yauri da Argungu da duk bakin gulbi, ko da tagogi na da raga. Takalmi a kwana da shi ciki saboda kunama.

Ruwa, ka lissafa lita 20 ga mutum a yini, har da alwala da girki da ɗan wanka, biyar daga ciki na sha in zafi ne. Mutum uku kwana uku lita 180 ke nan, ya fi abin da ya kamata ka ja. Gara ka tafi da na sha, ka cika sauran a burtsatsen garin da ka sauka. Tanki a tafi da shi cike ko wofi, don rabin tanki yana tangaɗi yana kaɗa tirela.

Wuta ma lissafi ce. Ƙaramin firji mai aiki da batir yana cin kamar wat-awa 600 a yinin zafi, fanka mai wat 25 a awa goma 250, fitilu da cajin waya 150. Jimla 1,000. Batir mai amfiya-awa 100 yana riƙe 1,200, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, saboda haka biyu ake buƙata, da faifan sola mai wat 300 da zai mayar da abin da aka ci. A goge faifan kullum a hunturu, ƙura na rage masa ƙarfi sosai. Mai tirelar Amurka ya kula ƙwarai: wayarinta na bolt 120 ne, wutarmu 230. In ka jona ta kai tsaye da janareta ko wutar gari, caja da firji da na'urar sanyi za su ƙone nan take. Sai da tiransifoma mai rage wuta, ko a sauya wayarin gaba ɗaya.

Janareta a ajiye shi aƙalla mita 6 daga tirela, inda iska ke kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Hayaƙinsa yana da guba marar wari da ke kashe mutum a cikin barci, haka ma gawayin da aka shigar ɗaki don jin ɗumi a hunturu. Tukunyar gas a tsaye, a ɗaure, a akwatinta mai huda a ƙasa, a rufe kanta kafin a tashi da kafin a kwanta. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a mahaɗa, ba da ashana ba. In ana girki ciki, taga a buɗe.

Da safe kafin ka tashi, ka zagaya sau ɗaya da hannu, ba da ido kaɗai ba: ƙafafun kusurwa sun hau, tagogi da murfin sama a kulle, gas a rufe, bakin wuya ya kama, sarƙa a gicciye, birkin hannu na tirela a sake, wani ya tsaya baya ka gwada masa birki da tirafiketa. Ruwan wanke-wanke a zubar inda mai gari ya nuna, shara a tafi da ita. Ka koma ka yi wa mai gari sallama.

In an dawo gida, a wanke ƙarƙashinta, a duba walda a wuya da wurin zaman sifirin ko akwai tsaga, a zubar da ruwan tanki, a cire batir a riƙa yi masa caji duk wata. In za ta daɗe a ajiye, a ɗora ta a kan bulo tayoyi su bar ƙasa, a rufe su daga rana, kuma kada a bar wani katako ya haɗa ƙasa da benenta, don gara na bi ta nan ta cinye shi kafin kaka ta zagayo.